A Zauren Kamfani Aka Haifi Mulkin Kan Massachusetts

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, na rubuto ne game da sharhin da jaridarku ta buga kwanan baya a kan asalin dimokuraɗiyyar Amurka, inda marubucin ya nuna cewa mulkin kai ya tsiro a can ne daga tsoron Allah da son 'yanci na Turawan da suka yi hijira daga Ingila. Ban musa rawar da addini ya taka ba, amma na shafe shekaru ina koyar da tarihi a sakandare, kuma yana damuna in ga an ba da labarin nan an tsallake ɗan kasuwar da ya fara kawo maganar gaban taro, wato Matthew Cradock na birnin Landan, mutumin da har ya bar duniya a 1641 ƙafarsa ba ta taɓa taka ƙasar Amurka ba.

Cradock attajiri ne mai jiragen ruwa, ɗan ƙungiyar masu cinikin fatu ta Landan, yana kuma da hannun jari a Kamfanin Gabashin Indiya. A ranar 4 ga Maris 1629 Sarki Charles na Ɗaya ya ba Kamfanin Massachusetts Bay takardar izinin kafa mazauni a Amurka, Cradock ya zama gwamnansa na farko. Kada kalmar gwamna ta ruɗi mai karatu, domin a wancan zamani ma'anarta shugaban kamfani kawai. Takardar ta tanadi gwamna da mataimakinsa da mashawarta 18, ta kuma ce masu hannun jari su riƙa yin babban taro sau huɗu a shekara domin kafa dokoki da karɓar sababbin membobi. Abu ɗaya ne ba ta faɗa ba, shi ne garin da za a riƙa yin taron, kuma ta wannan ƙofa komai ya shiga.

A ranar 28 ga Yuli 1629 membobi suka taru a gidan mataimakin gwamna, Thomas Goffe, a Landan. Nan Cradock ya karanta musu shawarar da ya tsara da kansa, cewa a miƙa ragamar mulkin sabon mazaunin ga waɗanda za su je su zauna a can, maimakon ta ci gaba da zama ƙarƙashin kamfani a Landan. Maganar ta yi nauyi har aka umarci kowa ya je ya yi tunani a kanta a asirce, kada ta fita waje. Suna da dalilin tsoro. Shekara biyar kafin nan, a 1624, an ƙwace takardar Kamfanin Virginia, wadda take Landan inda hannun hukuma yake kaiwa, sannan kwanaki kaɗan bayan ba su tasu takardar sarki ya rushe majalisar dokoki, ya shiga mulki ba tare da ita ba har shekara goma sha ɗaya. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ba sai an ce masa ya shafa wa nasa ruwa ba.

Daga nan abu ya yi sauri. A ranar 26 ga Agusta mutum 12, cikinsu har da John Winthrop, suka sa hannu a garin Cambridge na Ingila cewa za su yi hijira da iyalansu muddin za a tafi da mulkin da ita kanta takardar. Bayan kwana uku membobi suka ɗaga hannu suka amince, a watan Oktoba aka zaɓi Winthrop gwamna, Cradock ya sauka. A 1630 ayarin jirage ya tashi da takardar a ciki, shi kuwa Cradock ya tsaya Landan yana aika kaya da ma'aikata, yana lura da gonarsa da aikin ƙera jirage a garin Medford na Massachusetts daga nesa.

A nan ne nake ganin marubucinku ya yi babban rashi, domin abin da ya biyo baya shi ne ainihin darasin. Da takardar ta sauka a can, Winthrop da 'yan tsirarun mashawarta suka riƙe mulki su kaɗai. A 1632 mutanen garin Watertown na sabon mazaunin suka ƙi yarda da harajin da aka ɗora musu ba da yawunsu ba. A 1634 wakilan garuruwa suka matsa sai an fito musu da takardar sun gani da idonsu, da suka karanta sai suka tarar ikon yin doka na babban taron membobi ne. A watan Mayun shekarar suka ƙi sake zaɓen Winthrop, suka ɗora Thomas Dudley, garuruwa suka fara aiko wakilai, kuma zuwa 1644 taron ya rabu gida biyu irin na majalisa. Duk wanda ya taɓa zama a ƙungiyar 'yan kasuwa ya san wannan rana. Na taɓa ganin irinta a wata ƙungiyar gama kai ta malamai, lokacin da wani dattijo ya miƙe ya ce ba zai zauna ba sai an karanta kundin tsarin ƙungiya layi-layi, sakatare yana gumi yana buɗe shafuka. Haka taron masu hannun jari ya rikiɗe ya zama majalisar dokoki.

Cradock bai tsira daga sakamakon shawararsa ba. A 1634 majalisar mashawartan sarki ta umarce shi ya kawo takardar, ya rubuta wa Winthrop yana nemanta, aka mayar masa da amsa cewa babban taro ne kaɗai zai iya yanke wannan hukunci. Takardar ba ta dawo ba, kuma sai a 1684 aka samu soke ta.

Sai dai ina roƙon kada a mayar da shi gwarzon 'yanci, domin ba gaskiya ba ne. Mulkin kan nan na baƙi ne, ba na masu ƙasa ba. Tun 1631 aka ƙayyade cewa sai ɗan coci ne zai zama memba mai ƙuri'a, mata kuwa ba a ma lissafa su. Ƙabilar Massachusett, wadda aka ari sunanta, annoba ta riga ta cinye mafi yawanta tsakanin 1616 da 1619, amma hatimin kamfanin yana ɗauke da hoton ɗan asalin ƙasar yana kiran Turawa su ƙetaro su taimake su. A 1637 aka ƙona ƙauyen ƙabilar Pequot a Mystic, aka kashe ɗaruruwa, har mata da yara.

Mu nan bai kamata labarin ya zame mana baƙo ba, tunda da irin wannan takarda aka iso mana. A 1886 George Goldie ya samar wa Kamfanin Neja takardar izini ta sarauniya, wadda ta ba shi damar karɓar haraji da riƙe sojoji a kogunan Kwara da Binuwai. Bambancin shi ne ragamar wannan kamfani tana Landan, kuma ba a taɓa tunanin mutanen Nupe ko Brass za su zama membobin da za su ce a fito musu da takarda su karanta ba. Da gwamnatin Birtaniya ta ga dama ta biya kamfanin fam 865,000, a ranar 1 ga Janairu 1900 Lugard ya sauke tutar kamfanin a Lakwaja, a 1903 aka ci Kano da Sakkwato.

Saboda haka ina roƙon a ba marubucin dama ya dawo kan batun, ya sa sunan Cradock da taron gidan Goffe a inda suka dace, ya kuma gaya wa ɗalibanmu su wane ne aka bari a ƙofar zauren.

Naka,
Tsohon malamin tarihi, Zariya.