Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Sayar Mana Da Na'urorin Auna Sanyi

Zuwa ga shugabannin kamfani da injiniyoyinsa,

Bayan gaisuwa. Na fito da wannan ƙorafi bainar jama'a ne saboda duk saƙon da na aika wa sashenku na kula da abokan ciniki, amsa ɗaya nake samu: ana dubawa.

Aikina kula da ɗakunan sanyi ne, inda ake ajiye magunguna da alluran rigakafi a wurare masu nisa da juna. Yawancin alluran nan dole su zauna tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Celsius, in sun wuce haka na wani lokaci ƙarfinsu na iya raguwa, ido kuwa ba ya gane wadda ta lalace. Shi ya sa muka sayi ƙananan na'urorinku. Suna auna sanyi, suna aiko da rahoto ta intanet, ni kuma daga shafinku nake saita su, in kashe, in kunna, ba sai na taka ƙafa ba.

Sai ga shi a dare ɗaya kun tura sabuwar manhaja zuwa dukkansu, ba sanarwa, ba neman izini. Wasu sun karɓa lafiya. Wasu kuwa intanet ta katse musu ana tsakiyar aikin, daga nan ba su ƙara tashi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shafinku ya ci gaba da nuna lambar ƙarshe da suka aiko, da koren launi, kamar komai ƙalau. Na'ura ta daina magana amma ba wani gargaɗi da ya iso wayata. Magungunan da ba mu da shaidar yadda suka kwana, dole muka ware su gefe, kuma marasa lafiya ne ke jiransu.

Wannan matsala an daɗe da sanin maganinta, kuma injiniyoyinku sun fi ni sani. Ana raba ma'adanar na'ura gida biyu: sabuwar manhaja ta sauka a gefe ɗaya, tsohuwar tana nan a ɗaya gefen. Idan sabuwar ta kasa tashi ko ta kasa gaisawa da sabar, wato babbar kwamfutar kamfani da na'urori ke aika wa rahoto, na'urar da kanta za ta koma kan tsohuwar. Sannan ba a tura sabuntawa ga kowa lokaci guda. A kan fara da kaɗan, a ga yadda suka yi, kafin a saki sauran. Me ya hana ku?

Da na isa wurin na'urorin, na tarar sabuntawar ta rufe hanyar da muke shiga na'ura kai tsaye ta cikin gida, ba ta intanet ba, ko a waɗanda suka tsira. Yanzu komai sai ta sabarku. Kun ce don tsaro ne, kuma ban raina wannan dalili ba. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta kame dubban kyamarori da makamantansu ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn, mai haɗa masu amfani da intanet da adireshin shafuka, hari a watan Oktoba, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa. Amma ku duba dokar da ta fara aiki a Birtaniya ranar 29 ga Afrilu, 2024: ta hana kalmar sirri mai sauƙin cinka, ta kuma wajabta wa kamfani ya faɗi tsawon lokacin da zai riƙa gyaran tsaro. Ba ta ce a kulle mai kaya a waje ba. Ku ba kowace na'ura mabuɗinta, ku danƙa mana. A Afrilun 2022 kamfanin Insteon, mai ƙera na'urorin gida da ake sarrafawa ta waya, ya kashe sabarsa ba zato ba tsammani, masu na'urorinsa suka wayi gari manhajar wayarsu ba ta aiki. Ba na son ɗakunan magani su dogara ga ran sabar kowa.

Ina neman ku maye mana gurbin na'urorin da suka mutu ba tare da mun biya ba, ku buɗe mana hanyar shiga ta cikin gida, kuma ku bar mu mu zaɓi lokacin sabuntawa. Shafinku ya riƙa buga gargaɗi da zarar na'ura ta yi shiru. Ku kuma rubuto mana shekarar da za ku daina tallafa wa wannan samfuri, domin sai da wannan amsa zan iya sa hannu a sabunta yarjejeniyarmu.

Naku,
Jami'in kula da ɗakunan sanyi