Barka da Sallah daga Feruja, da maganar gonar Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Yaya Inna da ƙafar tata? Mu nan mun yi Idi a wani zaure da 'yan'uwa suka kama haya, ana sallamewa kowa ya kama hanyar aiki, don Italiya ba ta ba da hutun Sallah. Layya ma sai a mahauta, doka ta hana yanka a gida.

Na ji saƙonka cewa dillalai sun sake zuwa, suna so a yanka gonar Baba fuloti-fuloti. Kai ne babba, amma ka ba ni dama in gaya maka abin da na gani da idona.

Kusa da mu akwai ƙauyen Solomeo, inda attajirin tufafi Brunello Cucinelli ya kafa harkarsa. Ɗan manoma ne, an haife shi a 1953. Ya sha faɗin yadda mahaifinsa ya bar gona ya koma aikin masana'anta, yana dawowa gida da baƙin cikin wulaƙanci. A 1978 ya fara rina rigunan sanyi na lallausan gashin akuya kala-kala. Ni da nake tela na taɓa irin rigar, na juya cikinta na duba ɗinkin, wallahi ban ga bakin zare ko ɗaya ba.

Da kuɗi suka zauna, a 1985 ya sayi tsohuwar fadar ƙauyen, ya bi gidajen da suka lalace yana gyarawa. A 2012 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Milan. Har makarantar koyon sana'a ya buɗe a 2013, ana koyar da ɗinki da gini da aikin lambu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwarin da ke ƙasan ƙauyen. Da can manyan sito-sito ne a wurin. Ya saye su, ya rushe, ya mayar da filin gona. Na bi hanyar da ƙafa: zaitun a jere, alkama ta yi ja, ga itatuwan marmari. A 2021 ma an gayyace shi taron G20 na shugabannin ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki a Roma, ya yi magana kan mutuncin ma'aikaci da kula da ƙasa. Na san kayansa ba na talaka ba ne, kuma da ribarsu ya yi duk wannan. Amma Yaya, mutum ya kashe maƙudan kuɗi don ya dawo da abin da mu yake hannunmu kyauta.

Ɗorawar nan ta bakin rijiya ta girme mu duka, da kalwarta Inna take daddawa. Gawon da ke tsakiya kuwa, ka fi ni sanin yadda gero yake yi a ƙarƙashinsa. In magina suka shiga, a wuni guda za su kwantar da su.

Shawarata, a gina shaguna a gefen da ke bakin titi, inda tsakuwa ce ba ta ba da amfani, a sa ɗaya keken ɗinki don Auta, sauran a ba da haya. Ni zan ɗauki nauyin siminti da kwano. Ragowar gonar a bar ta ana nomawa. Don Allah kada a sa hannu a takardar kowa sai mun zauna da Kawu ta waya bayan yawon Sallah.

Kuɗin barka da Sallah na yara suna cikin abin da na turo. A gaishe da Inna da kyau, ta sa ni a addu'a.

Ƙaninka.