A koya wa ɗalibai Git tun makon farko

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da masu koyar da rubuta manhaja, kan wani abu da ya daɗe yana damuna.

Shekara shida ke nan ina wannan sana'a, kuma matasa na zuwa wurina koyon aiki. Yawancinsu sun iya harsunan rubuta manhaja irin su Python ko JavaScript daidai gwargwado. Amma da zarar ka ce mutum ya nuna maka tarihin aikinsa, sai ya buɗe maka foldoji jere: "aiki", "aiki sabo", "aiki na ƙarshe", "na ƙarshe na gaske". A watan jiya wata ɗaliba mai ƙwazo ta same ni idonta cike da hawaye. Kwana goma sha ɗaya ta yi tana gina shafin rajista, sai ta kwafi tsohuwar folda ta ɗora a kan sabuwa bisa kuskure. Komai ya tafi. Ni ban ga laifinta ba, domin wata shida ta yi a makarantar koyon kwamfuta, ba wanda ya taɓa ambata mata Git, manhajar da ke adana tarihin aiki mataki-mataki.

Ga shi kuwa kyauta ne. Linus Torvalds ne ya rubuta shi a watan Afrilun 2005, lokacin da masu gina Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, suka rasa damar amfani da BitKeeper kyauta, wato manhajar da suke adana tarihin aikinsu da ita, daga baya ya miƙa ragamarsa ga Junio Hamano a wannan shekarar. Aikin Git shi ne duk lokacin da ka kai wani mataki, ya adana yadda fayilolinka suke a wannan lokacin, da sunanka, da ranar, da bayanin abin da ka canza. Idan ka ɓata abu yau, sai ka koma jiya. Kuma duk tarihin yana cikin kwamfutarka, ba sai da intanet ba. Da yawa suna ɗauka Git da GitHub abu ɗaya ne. GitHub shafi ne da aka buɗe a 2008 don ajiye irin wannan tarihi da yin aiki tare, Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5.

Umarni biyar sun ishi mai koyo a makon farko: git init, git add, git commit, git log da git diff. Maganar buɗe reshe (wato yin canje-canje a gefe ba tare da taɓa ainihin aikin ba) da haɗe aikin mutum biyu ta jira mako na uku. Abin da na fi so malamai su dage a kai shi ne bayanin da ake rubutawa wajen adanawa da git commit. Na ga tarihin da layi arba'in a jere ba abin da aka rubuta sai "gyara". Gyaran me? Wanda ya rubuta "na gyara lissafin kwanan wata da ke tsallake 29 ga Fabrairu" ya taimaki abokin aikinsa, ya kuma taimaki kansa bayan wata shida. A kuma ja musu kunne kada su sa kalmar sirri a cikin fayil su adana, domin ko an goge ta daga baya tana nan kwance a tarihi.

Lokacin da ake ɓatawa kan gardamar wace manhajar rubutu ta fi, da nan aka kai shi. Ni Vim nake amfani da shi, wanda marigayi Bram Moolenaar ya fitar a 1991, amma ba na tilasta wa kowa. VS Code ma yana da wurin Git a gefen hagu, ɗalibai na kallonsa kullum ba su san amfaninsa ba.

Ɗalibar nan ta sake gina shafinta cikin kwana huɗu, wannan karon tana adanawa duk yamma. Ina roƙonka, ya Edita, a ware shafi ko da sau ɗaya a wata don bayanin irin waɗannan kayan aiki da Hausa. Ni a shirye nake in rubuta darasin farko.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja