A duba halin leburorin gini a Samaru

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan leburorin da ke gina ɗakunan hayar ɗalibai a Samaru, Zariya. Bara na yi wata 3 a cikinsu, ina haɗa kuɗin rajista.

Ranar zuba dekin, tun bayan sallar asuba muke farawa. Kwanon kankare a ka, ka hau katako har bene, ka sauko, ba tsayawa, domin kankare ba ya jiran kowa. Buhun siminti kilo 50 ne, a kafaɗa muke sauke shi daga mota. Siminti ya ci mini tsakanin yatsun ƙafa har silifas ya gagare ni. Da man kaɗe na yi jinya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da magariba sai ɗan kwangila ya ce a dawo gobe a karɓi kuɗin aiki. Mai iyali fa? Na ga dattijo ya koma gida hannu rabbana.

Ina roƙon masu gini su riƙa biyan lebura kafin guminsa ya bushe, su kuma saya masa takalmin roba da safar hannu.

Naka,
Wani ɗalibi, Samaru, Zariya