Barka da Sallah daga Lids, da maganar keken da Auta ta kai wa Umma

Assalamu alaikum. Baba da Umma barkanku da Sallah, an yi Sallah lafiya? Allah Ya karɓi layya, Ya maimaita mana, Ya kai mu ta baɗi da rai da lafiya. Yaya na ga hoton ragon, wallahi ka iya zaɓe, sai dai kuɗin da ka rubuto sai da na sake dubawa don na zaci sifiri ɗaya ne ya faɗo bisa kuskure. Auta ke kuma ki jira, ina zuwa kanki.

Nan ma mun yi idi lafiya, amma kun san yadda abin yake, gwamnati ba ta ba da hutu, kai ne za ka nemi izini a wurin aiki tun da wuri, masallaci kuma kashi kashi ake yi, in waɗannan sun idar su fita wasu su shiga don wurin ba ya ɗaukar jama'a. Ba mai yanka a ƙofar gida, doka ta hana, mahauci kake ba oda a yanka a mayanka sannan nama ya iso ka a leda an sassara, wani sa'in ma sai washegari. Ba ƙaurin babbakar kai, ba yara masu yawon Sallah, ina tsaye da babbar riga ina jiran bas ina lissafin yanzu fa filin idin Ƙofar Doka ya cika dawakai sun fara jeruwa. Don Allah a ɗaukar min bidiyon Hawan Daushe, amma ba irin na bara ba da rabinsa duk ƙeyar mutane ce.

To Umma, na ji saƙonki na murya kuma na ji hankalinki a tashe yake. Abin da Auta ta gaya miki wai zan hau keke in shiga dajin Turawa kwana da kwanaki kamar wanda ya rasa kuɗin mota, rabinsa ne gaskiya, bari in warware miki tun daga tushe.

Akwai wani ruwa da ya tashi daga tsakiyar garin nan Lids ya tafi har Libaful, ba kogi ba ne irin Galma ko Kubanni da Allah Ya yi, mutane ne suka haƙa shi da diga da shebur da baro, kanal suke ce masa. An fara haƙa a 1770 ba a gama ba sai 1816, shekara 46 kenan, kuɗi ya yanke musu a tsakiya aka tsaya aka dawo aka ci gaba. Tsawonsa mil 127, wato kilomita 204, ya zarce Zariya zuwa Kano amma bai kai Kaduna zuwa Kano ba. Lokacin babu jirgin ƙasa balle tirela, sai a loda gawayin kwal ko dutsen farar ƙasa ko ulu a dogon jirgin ruwa, a ɗaura igiya a jikin doki, dokin yana tafiya a bakin ruwa yana ja, kuma doki ɗaya tak sai ya ja kayan da ya haura tan 30 saboda a kan ruwa nauyi ba ya danne shi. Wannan ƴar hanyar da dawakan suka bi a gefen ruwan tana nan har yau, ita za mu bi. Babu mota a kanta Umma, babu tifa, babu mai Keke Napep da zai sha gabanka ba sigina, daga masu tafiya a ƙafa sai masu yawo da kare sai masu kamun kifi da suka miƙe dogayen sandunansu a hanya sai ka buga ƙararrawa su janye suna harararka. Doka ma ta ce mai ƙafa shi ke gaba da mai keke, dole ka rage gudu. Jiragen da ke ruwan yanzu na masu hutu ne da waɗanda suka mai da su gida, ba a yarda su wuce mil 4 a awa ba, ko Auta da gudunta za ta tsere musu. Ruwan kuma ba zurfi ne da shi sosai ba, yawancin wurare babban mutum zai iya tsayawa.

Abin da ya sa hanyar ta yi daɗin keke shi ne ruwa ba ya hawa tudu, don haka a miƙe take, sai a wuraren da ƙasa ta tashi suka gina ƙofofin ruwa. Baba ku za ku fi kowa gane wannan, kamar yadda kuke buɗe ruwa daga wannan fangali ku toshe wancan a lambu ne. Jirgi zai shiga wani ɗaki na dutse mai ƙofar katako gaba da baya, a rufe ta baya, a murɗa wani ƙarfe a saki ruwan sama ya shigo ta ƙasa, ruwa na cika jirgi na tashi har ya yi daidai da na gaba sannan a tura ƙofa ya wuce. Ba inji ba lantarki, nauyin ruwa ne kawai da ƙarfin hannu. Irin waɗannan guda 91 ne daga farko zuwa ƙarshe. A wani gari Bingley akwai guda 5 a jere kamar matakala, tun 1774 suke aiki, suna ɗaga jirgi wajen mita 18, wannan kam na taɓa zuwa na tsaya na kalla har na manta da jirgin da zan koma gida.

Mu uku ne, ni da wani Bakano da muke aiki tare da wani ɗan Sudan maƙwabcina wanda shi ne ya san gyaran keke. Yanzu haka rigimar da muke ciki ta ina za a fara. Bakanon nan ya dage mu ɗora kekuna a jirgin ƙasa mu je Libaful mu taho gida, hujjarsa iskar ƙasar nan yawanci daga yamma take busowa, in ka nufo gabas tana tura ka ta baya. Gaskiya ne fa, ban ƙi ba, amma kun san Bakano, ko hutu ya fita sai ya lissafa riba. Na ce masa in muka taho ta can a Wigan akwai ƙofofin ruwa 21 a jere kuma duk hawa ne, in daga nan muka tashi gangara za mu yi, sannan ni ina da dalilina na son mu ƙare a Libaful ranar Juma'a. Ɗan Sudan ya goya min baya, an bar shi yana ƙunƙuni.

Yadda muka tsara kwana 4 ne. Ranar farko Lids zuwa Skipton, wajen kilomita 47, hanyar mai kyau ce an gyara ta, za mu bi ta Saltaire inda wani attajiri Titus Salt ya buɗe ƙaton kamfanin saƙa a 1853 ya kuma gina wa ma'aikatansa gari guda da gidaje da makaranta da asibiti. Rana ta biyu Skipton zuwa Burnley, ita ce gajeriya amma ita na fi jin tsoro, don bayan Gargrave akwai wuraren da ciyawa ce da taɓo da saiwar itace, in an yi ruwa sai dai ka sauka ka tura, kuma ƙasar nan ko da rani ba a rantsuwa a kan sama. A ranar ne kuma za mu iso Foulridge inda ruwan ya shige cikin tudu ta wani rami mai kusan tsawon mil guda, tun 1796, kuma ba su yi wa doki hanya a ciki ba. Da can sai a kwance dokin a zaga da shi ta sama, su kuma mutanen jirgi su kwanta rigingine suna taka bangon ramin da ƙafa suna tura jirgin cikin duhu har su fita. Mu ma ta sama za mu zaga, ta titin ƙauye, nan za mu ɗan haɗu da mota. Rana ta uku Burnley zuwa Wigan ta Blackburn, ita ce doguwa, kusan kilomita 60, ta huɗu kuma mu gangara Libaful ta cikin gonaki.

Baba wannan yankin na Burnley da Blackburn saboda ku nake son ganinsa. Kun sha ba mu labarin marigayi Kaka yana ɗora auduga a jaki zuwa kasuwar auduga a auna, a kai injin gurza na BCGA, ƙungiyar noman auduga ta Turawan Ingila, a nan Zariya, a ɗaure dila dila a ɗora a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan labarin ke ƙarewa a wurinmu. To ita BCGA ɗin a Manchesta aka kafa ta a 1902, masu masaƙun yankin nan ne suka kafa don su samu auduga daga ƙasashen da Ingila ke mulka, kuma Libaful ce tashar da auduga ke sauka. A farkon ƙarnin da ya wuce Burnley na cikin garuruwan da suka fi ko'ina saƙa yadin auduga a duniya. Masaƙun suna nan a bakin ruwan da dogayen bututun hayaƙinsu, wasu an mai da su gidajen haya wasu an rufe, ba bambanci da yadda na Kakuri suka koma a Kaduna. Manomi ya sayar da arha, yadi ya dawo masa da tsada, ina son in tsaya gaban ginin in ɗauko muku hoto ku ga inda ribar ta zauna.

Maganar shiri kuwa, keken na hannu na saya, kuma ku ji abin dariya, Rali ne irin naku na da Baba, amma wannan mai giya ne. Na sa masa kariya da jaka biyu a gefe, na sayi tub biyu na ajiya da famfo da kayan faci, don a nan babu mai faci a gindin bishiya da za ka miƙa wa ya yi maka da sholisho, kai ne mai keke kai ne bakanike, ga shingen ƙaya da suke aske wa a bar ƙayar a hanya. Akwai rigar ruwa, hular kwano, fitila, da man cen. Kwana kuma ba a daji ba ne Umma, doka ma ba ta yarda ka kafa tanti inda ka ga dama ba, ƙananan masaukai muka kama tun yanzu don da rani suna cika kuma kuɗin na tashi, kuma sai da muka tabbatar kowanne yana da inda za a kulle keke. Abinci ba matsala, Keighley da Nelson da Burnley da Blackburn duk cike suke da Musulmi ƴan Pakistan da Indiya, ga masallatai ga halal, ni dai zan ƙulla garin kwaki da ƙuli da dabino saboda tsakanin gari da gari. Abin da ke ba ni tsoro na gaske agwagin ruwan nan ne manya masu dogon wuya, in suna da ƴaƴa sai su tare hanya suna huci, ba sa jin ƙararrawa.

Dalilin Juma'a kuwa, a Libaful akwai masallacin da wani lauya Bature Abdullah Quilliam ya buɗe a 1889 bayan ya musulunta, ana lissafa shi cikin masallatan farko a Ingila, an gyara shi ana salla a ciki yanzu. Shi mutumin har Ikko ya je a 1894 wajen buɗe masallacin Shitta-Bey. In Allah Ya yarda za mu yi sammako daga Wigan mu riski huɗuba a can, da yamma mu hau jirgin ƙasa mu dawo, shi ma sai mun kama wa kekunan wuri tun kafin ranar.

Yaya don Allah ka tambayar min Kawu Malam, tafiyar ta wuce tsawon ƙasaru in aka haɗa ta, amma kullum guntu muke yi mu kwana, shin daga fita gari za mu fara ƙasaru ko yaya? Ka kuma gaya masa yanzu magariba a nan sai wajen tara da rabi, asuba kuma tun kafin huɗu, ya ba ni shawara a kan haɗa salla.

Umma ki yi haƙuri ki sa min albarka. Tunda na zo ƙasar nan daga ɗaki sai wurin aiki sai shagon sayayya, aikin dare ya sa har tumbi na fara, in aka tambaye ni yaya Ingila take ba abin da zan iya faɗa sai lambar bas. Kullum muka sauka zan kira ki ta bidiyo ki ganni da idonki. Auta ke kuma tunda kin iya kai rahoto, goron Sallarki yana wurin Yaya, na ce kar ya ba ki sai kin karanta wa Umma wannan saƙon tun daga sama ba ki tsallake layi ba.

Kar a ba kowa dambun nama ko kilishi ya taho min da shi, ƙwacewa suke yi a filin jirgi, yaji da kuka da daddawa dai in an samu mai zuwa. A gaida Gwaggo da mutanen Tudun Wada, a gaida Inna da jiki, a ce wa Kaka mijinta na nan bai yi mata kishiya Baturiya ba tukuna. A ci soye da ni a rai.

Naku,
ɗanku na Lids