Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinar Harkokin Mata Ta Jihar Kano

Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe, ya aiki ya jama'a. Allah ya taya ki riƙo.

Ni ɗaya ce cikin matan da ake bugowa waya in an yi wa yarinya fyaɗe a unguwa ko miji ya yi wa matarsa jina-jina, mu ne masu rakiya asibiti da wajen 'yan sanda da kotu, ba albashi ba komai sai dai Allah ya saka. Ba kuka na kawo miki kan wahala ba, abin da ke cina shi ne da yawanmu muna wannan aiki da kyakkyawar niyya amma ba ilimin yinsa, kuma rashin sanin nan yana cutar da waɗanda muka je taimako.

Kinga dai maganar awa 72. Duk wadda aka yi wa fyaɗe in aka kai ta asibiti kafin awa 72 akwai maganin da ake ba ta tana sha kwana 28 don kariya daga cutar ƙanjamau, in lokacin ya wuce shikenan damar ta tafi. To mata nawa ne a cikinmu suka san haka? Abin da aka saba, uwa tana ganin abin ya faru sai ta ɗora ruwan zafi ta gasa 'yarta ta wanke kayan tas, sannan a kira kawu a kira mai unguwa, a kwana uku ana shawarar a rufa asiri ko a bar wa Allah, kafin a tuna da asibiti lokaci ya ƙure, shaidar da ke jikin zani ma ta bi ruwa. Mai rakiyar da aka koya wa aiki ita ce za ta ce a'a Baba, maganar sulhu ta jira, mu tafi asibiti yanzu, kayan kuma a naɗe a takarda kar a sa a leda, in ma an riga an yi wankan a tafi a haka.

Sai kuma baki. Wallahi na sha zama a ɗaki ana tambayar yarinya 'yar shekara goma sha, me ya kai ki shagonsa, me ya sa ba ki yi ihu ba, kuma mai tambayar tamu ce, taimako ta zo yi. Yarinyar ta dunƙule ta ja hijabi ta rufe fuska, daga nan ba ta sake cewa uffan ba. Wata kuma don tausayi sai ta ɗauki hoton yarinya ta saka a Facebook wai tana neman a taimaka, kafin magariba duk gari ya san gidan, kinga an gama da auren yarinyar nan da makarantarta.

Na dukan mata ma haka, kowa ya iya cewa ki yi haƙuri ki koma ɗakinki, amma ba a koya mana tambayar ko ya taɓa shaƙe ki, ko ya taɓa cewa zai kashe ki ba, alhali masu ilimin abin sun ce shaƙe wuya babbar alama ce ta cewa ran mace na cikin haɗari. Ba raba aure muke so ba Hajiya, gawa ce ba ma so a ɗauko.

Na san akwai cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a asibitin Murtala kuma suna ƙoƙari Allah ya biya su, amma Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, matar da ke Doguwa ko Sumaila ko Tudun Wada kuɗin motar zuwa birni kaɗai ya isa ya sa iyaye su ce a haƙura. Maƙwabtanmu Kaduna cibiyoyin Salama ɗinsu masu irin wannan aiki har Zariya da Kafanchan suka kai. Tun 2020 gwamnonin ƙasar nan suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe, mu dai a unguwanni har yau da aljihunmu muke biyan adaidaita.

Bitar da ake yi kuwa, yawanci ƙungiyoyin waje ne ke ɗaukar nauyi, kwana biyu a otal da Turanci, a raba sitifiket da kuɗin mota a watse, kuma fuskokin jiya su ne na yau. Ungozomar karkara da malamar Islamiyya da matan Hisba da su ne ake fara kai wa kuka ba kasafai ake ganinsu a wajen ba. Ga shi tun 2025 Amurka ta datse tallafin da take bayarwa ta hukumarta ta agaji USAID, masu ba da kuɗin sai raguwa suke, in gwamnati ba ta ɗauki abin nan nata ba zai mutu ne kawai.

Don haka roƙona a sa horon masu rakiyar nan cikin kasafin kuɗin ma'aikatarki da sunansa. A yi horon da Hausa, a can ƙananan hukumomin, ko mata bibbiyu ne a kowacce a haɗa su da babban asibitin yankin da lauyoyin ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, a riƙa maimaitawa ba sau ɗaya ba. A ba su katin shaida don in sun shiga ofishin 'yan sanda a daina ce musu ke wace ce a cikin maganar, da ɗan alawus na mota da katin waya. Sannan a samo wanda zai riƙa zama da su kansu yana sauraronsu, don mai jin irin waɗannan labarai kullum barci ƙaurace mata yake, ga barazanar dangin mai laifi, wata ma mijinta ne zai ce ta bari ta isa haka, nagari da yawa ta nan muka rasa su.

In kin ba da dama Hajiya, kafin a kai kasafin baɗi majalisa ki kira mu mu zauna ko na awa ɗaya ne, za mu zo da matan ƙauyen su faɗa miki da bakinsu.

Na gode, a huta lafiya.

Taki,
wata 'yar sa-kai daga cikin birnin Kano