Zuwa ga Dogo, a kan wani jan layi

Dogo,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Na san ka ƙulle ni a ciki, kuma da gaskiyarka. Wata biyar ke nan da ka tambaye ni ko zan samu zuwa bikin Auta, ni kuwa ko uffan. Ka ajiye fushin a gefe tukuna, don abin da ke cina ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Ka san aikin jingar da aka sa mu tsarawa don tare ambaliya. Ranar da aka shimfiɗa taswira a tebur, oga ya ɗauki jan biro ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe, kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Sai da muka fita safiyo na ga abin da layin ya taka. Ya raba wata tsohuwar maƙabarta gida biyu, sannan ya datse bakin fadamar da kifi ke shiga ya zuba ƙwai idan ruwa ya tumbatsa. Da sassafe na tsaya a wurin, balbelu sun rufe wata bishiya fari fat kamar an yi shanya, ga gauraka biyu suna takawa cikin ciyawa. Wani dattijo ya ja ni ya nuna mini kabarin kakansa, ko alama babu sai wasu duwatsu uku da ya jera da hannunsa. Turakun da yaranmu suka kafa taku biyar ne tsakaninsu da duwatsun.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne tsarin aikin. Sai an gama zane, an yi lissafin kuɗi, ɗan kwangila ya fara ɗumama katafila, sannan a kira masu duba muhalli da masu kula da kayan tarihi. A lokacin me za su yi in ban da sa hannu?

Na tashi a taron mako na yi magana, ni da ka sani ko a aji ba na ɗaga hannu. (Kada ka soma. Na san za ka tuno mini ranar muhawarar nan da gwiwata ta riƙa kaɗawa.) Na ba su labarin kogin Kissimmee na Florida a Amurka. Kogi ne mai lanƙwashe-lanƙwashe, tsawon kilomita 166. Daga 1962 zuwa 1971 aka miƙar da shi ya koma magudana mai kilomita 90, duk don maganin ambaliya. Ruwa ya daina malala, fadamu suka bushe, agwagin ruwa suka ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari. Daga baya su da kansu suka dawo suna cike wani sashe na ramin da suka haƙa, ba su gama ba sai 2021, bayan sun kashe kusan dala biliyan ɗaya. Wani a ƙarshen tebur ya ce, "To mu tsuntsu za mu ceta ko mutum?" Na ce masa fadamar da tsuntsun ke kwana ita ce ke shanye ruwan da zai shiga ɗakin mutumin. In ka toshe ta, ruwan bai ɓace ba, ka dai tura shi ga na ƙasa da kai da ƙarfinsa.

Af, kafin in manta, Gajere ya sayi mota. Sati biyu ta yi a hannunsa, yanzu makaniki ya fi shi sanin lafiyarta. Ya ce in gaishe ka, kuma bai manta da bashin nan ba.

Wai ina nake? Oga ya ce ai ana iya ɗage abin tarihi, ya kawo misalin Abu Simbel a Masar. Gaskiya ne, tsakanin 1964 da 1968 an yanka gidajen bautar nan gunduwa-gunduwa, an hau da su mita 65 sama don kada ruwan madatsar Aswan ya cinye su. Amma duniya ce ta haɗa kuɗin bayan kiran UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma dutsen fir'auna aka ceta. Nubiyawa mazauna yankin sama da dubu ɗari aka tasa, tsohon garin Wadi Halfa ya nutse, kaburburan iyayensu suna ƙarƙashin ruwa har yau. Wa zai yi wa duwatsu ukun dattijon nan gangami?

Ni abin da na roƙa kaɗan ne: a ja jingar baya, a bar wa kogin wurin miƙe ƙafa. Mutanen Holan, da babu wanda ya kai su gina jinga, sun koma haka bayan ambaliyar 1995 da ta sa aka kwashe mutum 250,000. A garin Nijmegen sun ja tasu baya mita 350, suka haƙa wa kogin Waal reshe. Ba na ɓoye maka, hakan yana nufin ƙarin diyya ga masu gonakin da za su faɗa cikin ruwa, kuma su ma suna da bakin magana. Wannan ne ke hana ni barci.

Ba a amince ba, ba a kuma ƙi ba. Amma oga ya yarda zai taka ƙafa ya ga wurin ranar Talata, kuma na riga na aika wa dattijon ya jira mu. Ina addu'ar gaurakan nan su fito, kada su ba ni kunya.

Ka gaida Maman yara, ka ce mata ina sane da alkawarin hotuna. Ciwon bayan naka fa, ka je an duba ko har yanzu taurin kan ne?

Naka,
Ɗan Ajinku